Ambulan da Aka Liƙe: Nazarin Lamarin Wani Laftanar a Amurka, 1953

Ranar 21 ga Agusta, 1953, hafsoshi biyu na rundunar sojan saman Amurka suka ƙwanƙwasa ƙofar wani gida a Dexter, ƙaramin gari a jihar Michigan wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Maigidan matashi ne ɗan shekara 26, yana da mata da 'ya'ya mata biyu, yana karatun fiziks a Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, nan kusa. Suka miƙa masa takarda. Takardar ta ce za a karɓe muƙaminsa na laftanar a cire shi daga rundunar, domin an ɗauke shi barazana ga tsaron ƙasa. A wannan rubutu laftanar kawai za mu riƙa kiransa, mahaifinsa da 'yar'uwarsa ma ba za mu kama sunansu ba.

## 1947 zuwa 1953: yadda ƙasar take

Kafin a fahimci takardar, sai an san iskar da ke kaɗawa a lokacin. Ƙawancen Amurka da Tarayyar Sobiyet bai daɗe ba bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Maris na 1947 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9835, wanda ya ce a binciki biyayyar duk ma'aikacin gwamnatin tarayya. Aka kafa kwamitoci a ma'aikatu, Antoni-Janar kuma ya fitar da jerin ƙungiyoyin da ake zargi da zagon ƙasa. Shiga ɗaya daga cikinsu, ko ba ta gudummawa, ko mu'amala da masu cikinta, ya isa a kira mutum ya yi bayani.

Daga nan abubuwa suka riƙa bin juna. A Agustan 1949 Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko. A Oktoba 'yan kwaminis suka kafa gwamnati a Sin. A Janairun 1950 kotu ta sami Alger Hiss, tsohon babban jami'in ma'aikatar harkokin waje, da laifin rantsuwa a kan ƙarya game da miƙa takardun gwamnati, kuma a cikin watan ne masanin kimiyya Klaus Fuchs ya amsa a Ingila cewa ya ba Sobiyet sirrin bam. Ranar 9 ga Fabrairu Sanata Joseph McCarthy ya tsaya a garin Wheeling ya ce yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. A Yuni yaƙin Koriya ya ɓarke.

Kowane ɗaya daga waɗannan ya ƙara ɗaure igiyar. Umarnin 1947 ya buƙaci a sami dalili mai ma'ana na yarda cewa ma'aikaci ba mai biyayya ba ne. A 1951 aka sassauta wa mai zargi: shakka mai ma'ana kawai ta wadatar. A Afrilun 1953 Shugaba Dwight Eisenhower ya kawo umarni mai lamba 10450, wanda ya mai da maganar gaba ɗaya kan tsaro. Yanzu mutum yana iya zama mai biyayya ɗari bisa ɗari amma a sallame shi, in an ga akwai wata kafa da abokan gaba za su iya bi su matsa masa, ko shaye-shaye, ko wani sirri na rayuwarsa, ko danginsa. Wata biyu kafin a ƙwanƙwasa ƙofar laftanar, ranar 19 ga Yuni, aka aiwatar da hukuncin kisa a kan Julius da Ethel Rosenberg bisa laifin haɗa baki wajen leƙen asiri.

## Mutumin da gidansu

An haife shi a Detroit a 1926. Mahaifinsa baƙo ne daga Montenegro, yankin da daga baya ya shiga ƙasar Yugoslabiya. Ya yi aikin haƙar kwal, sannan ya koma masana'antar ƙera motoci ta Hudson. Turancinsa bai nuna sosai ba, don haka labarin gida a jaridun harshen Sabiya yake karanta shi, kamar yadda duk ɗan ci-rani yake neman abin da zai ji ƙamshin garinsu a ciki.

Ɗan ya shiga sojan sama a 1944, ya koyi hasashen yanayi. Aikin ya kai shi Thule a arewacin Girinlan, inda Amurka ke gina sansanin jiragen yaƙi a asirce, domin ta kan ƙanƙarar arewa hanya ta fi kusa zuwa Sobiyet. Mai hasashen yanayi a irin wannan wuri ya san lokacin da jirage ke tashi da inda suke dosa, saboda haka an tantance shi an ba shi izinin ganin manyan sirrika. A 1952 ya ajiye kaki ya koma makaranta da tallafin karatu da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji, amma sunansa ya ci gaba da zama cikin sojojin ko-ta-kwana, waɗanda ke zaune a gida ana iya kiransu in buƙata ta taso. Burinsa ya gama digiri ya yi aikin hasashen yanayi, kuma a wancan zamani yawancin wannan aiki a hannun gwamnati yake.

## Agusta 1953: abin da takardar ta ƙunsa

An kafa zargin ne a kan dokar rundunar mai lamba 35-62, wadda ta ce ana iya ɗaukar soja barazana ga tsaro in yana da alaƙa ta kusa, mai ɗorewa, da 'yan kwaminis ko masu goyon bayansu. Mutanen da ake nufi su ne mahaifinsa da 'yar'uwarsa.

An zargi mahaifin da karanta wata jaridar harshen Sabiya mai alaƙa da wata ƙungiyar Amurkawa 'yan asalin ƙasashen Silab (irin su Yugoslabiya da Rasha) da gwamnati ta sa cikin jerinta. An zargi 'yar'uwar da shiga harkokin masu ra'ayin kwaminisanci, ciki har da zanga-zanga a gaban wani otal na Detroit da ya ƙi saukar da Paul Robeson, mawaƙin nan baƙar fata wanda gwamnati ta karɓe wa fasfo a 1950 saboda ra'ayinsa.

Shi kansa laftanar ba a ce ya yi komai ba. Rundunar ta faɗa ƙarara cewa ba ta shakkar biyayyarsa. Aka ba shi zaɓi biyu: ya ajiye muƙamin a cikin sirri ya tafi abinsa, ko ya nemi a saurare shi a gaban kwamiti.

Zaɓi na farko ya yi kama da mafita, kuma shi mutane da yawa suka riƙa bi a waɗannan shekaru, domin ko ba komai maƙwabta ba za su ji ba. Amma laftanar ya yi lissafi. Duk inda ya je neman aikin hasashen yanayi za a buɗe fayil ɗinsa, a ga cewa ya bar soja a ƙarƙashin zargin tsaro, a rufe. Shekarun da ya yi yana koyon sana'ar sun tafi ke nan. Ya ce a saurare shi.

## Satumba zuwa farkon Oktoba: zaman kwamiti

Matsala ta farko lauya. Karɓar irin wannan shari'a yana iya shafa wa lauyan kansa kashin kaji, don haka samun wanda zai tsaya bai zo da sauƙi ba. Daga ƙarshe wani dattijon lauya a Detroit, Charles Lockwood, ya karɓa ba tare da ya nemi ko sisi ba, wani matashin lauya abokin laftanar ya mara masa baya.

Aka zauna a sansanin sojan sama na Selfridge, arewa da Detroit, a gaban kanar uku. Abin da ya faru a ɗakin shi ne zuciyar wannan lamari, don haka bari mu dube shi da kyau.

A kan tebur akwai ambulan a liƙe. An ce hujjojin suna ciki. Ba a buɗe wa laftanar ba, ba a buɗe wa lauyoyinsa ba. Ba a kawo mutum ɗaya da zai tashi ya ce ni na ga tsohon nan yana yaɗa kwaminisanci, ko ni na ji 'yarsa ta ce kaza. Babu wanda lauya zai yi wa tambaya ya gane ko shaidar gani da ido ce, ko jita-jita, ko tsohuwar gaba ce tsakanin abokan aiki. Dalilin da hukumomi ke bayarwa a irin wannan zama shi ne, bayyana mai ba da rahoto zai toshe hanyar samun rahoto nan gaba. Sakamakon shi ne wanda ake zargi yana dambe da wanda ba ya gani.

Lauyoyin sun yi abin da ake yi a kotu. Sun kawo tarihin aikinsa, wanda babu tabo a ciki. Sun nuna cewa mahaifin jaridun harshensu yake karantawa don jin labarin gida. Amma duk wannan amsa ce ga tambayar da ba a yi ba. Kwamitin bai musa cewa laftanar mutumin kirki ba ne. Abin da dokar ta ɗora masa ya duba shi ne ko akwai alaƙa ta kusa mai ɗorewa, kuma wace alaƙa ce ta fi ta ɗa da uba kusa da ɗorewa?

Ƙofa ɗaya aka bari a buɗe. An nuna masa cewa in ya nesanta kansa da mahaifinsa da 'yar'uwarsa, ya barranta daga gare su, al'amarin zai iya sauƙi. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi. Ya ce ra'ayin 'yar'uwarsa nata ne, shi ba ya bin diddiginta, kuma ba zai yanke zumunci da wanda ya haife shi ba. Mu da muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ba sai an yi mana dogon bayanin abin da aka nema daga gare shi ba.

Kwamitin ya ba da shawarar a cire shi. Hanyar cikin gida ta ƙare a nan, sai jiran sa hannun manya a Washington.

## Oktoba 1953: magana ta fita waje

Tun kafin a kai nan Lockwood ya gane cewa a cikin wancan ɗaki ba za a ci nasara ba, sai ya kai maganar ga 'yan jarida. Jaridar Detroit News ta buga labarin. Wannan mataki yana da haɗari, domin sirrin da aka yi wa laftanar tayinsa tun farko ya tafi, kuma sunan mahaifinsa da na 'yar'uwarsa sun shiga bakin duniya tare da kalmar kwaminis.

Labarin ya isa hannun Edward R. Murrow na gidan talabijin na CBS a New York. Amurkawa sun san muryarsa tun lokacin da yake aiko da rahoto ta rediyo daga Landan ana ruwan bama-bamai. Shi da abokin aikinsa Fred Friendly suna da shiri na mako-mako mai suna See It Now. Sun daɗe suna neman ƙaramin labari na mutum ɗaya da zai nuna wa jama'a abin da ke faruwa a ƙasar baki ɗaya. Suka tura wakilinsu Joseph Wershba da mai ɗaukar hoto zuwa Dexter.

Sun nemi rundunar sojan sama ta faɗi nata ɓangaren a cikin shirin, ba ta yarda ba. Kamfanin CBS kuma ya ƙi kashe kuɗi wajen tallata shirin. Murrow da Friendly suka ciro dala 1,500 daga aljihunsu suka sayi fili a jaridar New York Times, tallan ya fito da sunayensu su biyu, babu tambarin kamfanin.

## 20 ga Oktoba: rabin sa'a a talabijin

Shirin bai yi hayaniya ba. An bar mutane sun yi magana da bakinsu.

Laftanar ya zauna a gaban na'ura ya yi tambayar da ta fi komai tsaya wa masu kallo a rai: in za a hukunta shi saboda danginsa, shin gobe za a ce wa 'ya'yansa su barranta daga gare shi? Za a auna su da abin da aka liƙa wa ubansu? Matarsa ta ce tana bayansa. 'Yar'uwar ta ƙi yarda ta tattauna siyasarta, ta ce wannan lamarinta ne, kuma ba shi da haɗi da ɗan'uwanta. Tsohon ya karanta wasiƙar da ya aika wa Shugaba Eisenhower da Turancinsa mai nauyi. Ya ce shi tsoho ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin kwal da masana'antar mota, ba ya roƙon komai don kansa, adalci kawai yake nema wa yaronsa.

Sai mutanen Dexter. Gari ne na masu ra'ayin riƙau, ba wurin da za a ce 'yan kwaminis sun yi sheƙa ba. 'Yan kasuwa da tsofaffin sojoji na garin suka ce sun san mutumin, kuma ba su ga yadda za a kama wani da laifin wani ba. Lockwood ya ce a shekara 32 da ya yi yana aikin lauya a Detroit bai taɓa ganin wasa da shari'a irin wannan ba.

A ƙarshe Murrow ya yi magana da kansa. Ya ce ba zai iya cewa zargin gaskiya ne ko ƙarya ba, domin shi da masu kallo da laftanar da lauyoyinsa babu wanda ya san abin da ke cikin ambulan. Ya kawo ayar Littafi Mai Tsarki da ke cewa ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, ya ƙara da cewa ko da an tabbatar da laifin ne, balle a nan ba a tabbatar ba. Musulmi zai ji wannan ya tuna da ayar Alƙur'ani da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Murrow ya kuma ce duk abin da ya faru tsakanin ɗan ƙasa da gwamnati a Amurka, Amurkawa ne suka yi shi da hannunsu, ba za a ɗora wa shugabannin Sobiyet ko na Sin ba. Ya sake yi wa rundunar tayin fili ta mayar da martani.

Dubban wasiƙu suka shigo, mafi yawansu suna bayan laftanar. Manyan jaridu suka ɗauki maganar.

## 24 ga Nuwamba: hukunci

Mako biyar cif bayan shirin, Sakataren rundunar sojan sama Harold Talbott ya bayyana a cikin See It Now. Ya ce ya duba lamarin, ya yanke cewa barin laftanar a rundunar bai saɓa wa tsaron ƙasa ba, kuma a ganinsa ba barazana ba ne. Aka mayar masa da muƙaminsa. Daga ranar da aka miƙa masa takarda zuwa wannan rana kwana 95 ne.

## Bayan nan

An wanke shi a takarda, amma tabon bai goge nan take ba. Bai ƙarasa digirinsa ba. Ya kwashe iyalinsa zuwa Kalifoniya, ya sha wahalar neman aiki kafin wani kamfani mai zaman kansa na hasashen yanayi ya ɗauke shi. Daga baya ya shiga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ya dawo Michigan ya zama babban jami'inta a filin jirgin saman Lansing, ya yi ritaya a 1994. Ya rasu a Nuwamban 2007 yana da shekara 81.

Su kuwa Murrow, wannan shiri ya nuna musu cewa ana iya taɓa maganar a kwana lafiya. Ranar 9 ga Maris, 1954, suka yi shiri a kan McCarthy kansa. Daga Afrilu zuwa Yuni aka nuna rikicinsa da rundunar sojan ƙasa kai tsaye a talabijin, ranar 2 ga Disamba kuma Majalisar Dattawa ta yi tir da shi da ƙuri'a 67 da 22.

## Me ya yi aiki, me ya sa

Abu na farko da ya kamata a lura da shi: McCarthy ba shi da hannu a lamarin laftanar.  Doka ce rubutacciya, da hafsoshi masu bin doka, da fayil. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da ihun ɗan siyasa, domin ɗan siyasa yana faɗuwa, amma tsari yana ci gaba da niƙa ko babu wanda ke jin haushin kowa.

Kuma ban ɗauki tsoron da ya haifi tsarin a matsayin hauka ba. Leƙen asirin Sobiyet gaskiya ne, saƙonnin sirrin Sobiyet da Amurka ta warware a wani shiri mai suna Venona, waɗanda gwamnatinta ta saki a 1995, sun tabbatar da haka. Hukumar da ta ba mutum sirrin Thule tana da haƙƙin tambayar wa zai iya matsa masa. Inda aka kauce hanya shi ne yadda aka nemi amsar. An kafa ma'auni wanda hali da aikin mutum ba sa iya goge shi, an ɓoye hujja, sannan aka sa yanke zumunci ya zama kuɗin fansa. Shi ya sa duk abin da lauyoyi suka kawo a Selfridge ya tashi a banza. Kayan kotu suka zo da su wurin da ba kotu ba.

Abin da ya yi aiki shi ne sauya masu sauraro. Ambulan da ke da ƙarfi a gaban kanar uku ya zama abin kunya a gaban miliyoyin masu kallo. Rundunar ba za ta iya buɗe shi ba, ba za ta iya kare rufe shi ba, kuma shirunta ya bar fili ga tsoho mai karanta wasiƙa. Babu wata sabuwar hujja da aka sanar tsakanin hukuncin kwamiti da na Talbott. Farashin ci gaba da korar ne ya hau.

Sai dai wannan magani ba na kowa ba ne, kuma nan ne nake ganin bai kamata a yi saurin murna ba. Laftanar ya dace da talabijin: tsohon soja, magidanci, fari, wanda masu zarginsa da kansu suka ce mai biyayya ne. Da a ce shi ne ya taɓa zuwa taron ƙungiyar da ke cikin jerin Antoni-Janar yana ɗalibi, da wuya mutanen Dexter su fito haka, alhali zaman Selfridge zai kasance zalunci iri ɗaya. Akwai wata ma'aikaciyar gwamnati baƙar fata da aka sallama a 1949 bisa rahoton mutanen da ba a bayyana ba, har shugaban kwamitin da ya saurare ta ya amsa cewa shi ma bai san ko su wane ne ba. Ta bi hanyar kotu har Kotun Ƙoli, a 1951 alƙalai suka rabu huɗu da huɗu, korarta ta tabbata. A cikin watan Oktoban da aka nuna shirin laftanar, fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa an raba mutum 1,456 da aikin gwamnati a ƙarƙashin sabon tsarin tsaro, a Janairun 1954 Eisenhower ya ce adadin ya haura 2,200. Daga baya ta bayyana cewa da yawa cikinsu ajiye aiki suka yi ko wani dalili ya fitar da su, amma an ƙidaya su. Gyaran da ya shafi tsarin kansa sai a hankali ya zo ta kotu. A 1956 Kotun Ƙoli ta taƙaita korar gaggawa ta tsaro ga muƙamai masu alaƙa da sirri, a 1959 kuma ta ce ba a ba ma'aikatar tsaro izinin raba wani injiniya da aikinsa ba tare da ya fuskanci masu zarginsa ba.

Saura mutum biyu da nake yawan tunawa. Sanarwar Talbott a kan laftanar ta tsaya. Mahaifinsa da 'yar'uwarsa ba sojoji ba ne, ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba a gurfanar da su a ko'ina ba, don haka babu kwamitin da zai zauna ya ce an wanke su. An kira sunansu a jarida da talabijin tare da zargin, ɗansu ya koma muƙaminsa, su kuma suka koma Detroit suka ci gaba da zama cikin maƙwabtan da suka ji komai.